Kafin ku cika kicin da kayan kaka, ku ji inda na yi ta tafka asara

Ƙannena masu sabon gida, da ku da kuka fara dafa wa kanku a makaranta ko wajen aiki, maganar ajiye abinci nake so mu ɗan yi. Na ga yanzu kowa ya iya cewa "a saya da yawa lokacin da abu yake araha", amma ba mai faɗa muku aikin da yake jiranku bayan an sauke kayan a ƙofar kicin, kuma ni a nan ne na fi yin asara, shekara da shekaru ina ganin kaina gwanar tattali alhali rabin abin da na saya a bola yake ƙarewa.

Tumatir ne ya fara koya min hankali. Lokacinsa ya yi, ya yi arha kamar banza, sai in kwaso kwando guda in dawo gida a gajiye in ce gobe na gyara, goben ta zo wani uzuri ya taso, kafin in waiwaya na ƙasa sun fashe sun fara tsami sun ɓata na sama. Tumatir fa kusan kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne, ba ya jiran kowa. Toh yanzu dokata ɗaya ce, ranar saye ita ce ranar aiki, in ba ni da lokacin yankawa da shanyawa ko tafasawa a ranar to ba na saya ko da kyauta ake rabawa. Kuma kafin ku fita cefanen ku duba farantai nawa kuke da su, kwalabe nawa, gas ko gawayin da za a ƙona wajen ƙafar da markaɗen shi ma kuɗi ne, da yawa ba sa saka shi a lissafi.

Shanya ita ce hanya mafi sauƙi, nan ma sai da na yi shirme. Ina yanka shi da kauri dan in gama da wuri, in baza a ƙasa, in bar shi ya kwana a waje raɓa ta sauka a kai, sannan babban kuskuren, in kwashe da ɗuminsa in ƙulle a leda, ya yi gumi a ciki, bayan ɗan lokaci in buɗe in tarar da fumfuna. A yanka siriri, a ɗora a kan abu mai tudu da iska za ta ratsa, a rufa yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a shigar da shi kafin magariba. In ya bushe a bari ya huce tukun, a zuba a kwalbar gilashi a riƙa girgizawa na 'yan kwanaki, in kun ga jikin kwalbar ya yi gumi to da saura, a mayar rana. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, rana tana cinye launinsa da amfaninsa.

Abin da ya fi tsorata ni da na gane shi daga baya shi ne gyaɗa da masara. Da can in na ga gyaɗa ta ɗan canza launi ko ta yi ɗaci-ɗaci sai in ce ai wuta tana kashe komai, in wanke in soya. Wallahi ba haka bane. Akwai wata fumfuna da take fitar da guba mai suna aflatoksin, an gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gurɓatacciyar gyaɗa, kuma gubar nan soyawa da dafawa ba sa gamawa da ita, tana yi wa hanta illa a hankali har ta iya kai wa ga kansar hanta. Duk wacce ta yi fumfuna ko ta motse ko ta yi baƙi a tsince a zubar, kar ma a ba kaji. Hatsi ana so danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 kafin a rufe shi. Ba sai da na'ura ba, ku samu busasshiyar kwalba ku zuba hatsin da busasshen gishiri ku girgiza ku ɗan jira, in gishirin ya manne a jikin kwalbar hatsin bai bushe ba.

Wake kuma ƙwari ne matsalarsa, maganinsu hana su iska. Jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba mai ko wani sinadari a ciki ba, a cika ta dam a rufe gam, ƙwarin za su cinye ɗan iskar da ta rage su mutu da kansu. Ni kuma da wayona sai in riƙa buɗewa kullum ina ɗiban na girki, ina sake ba su iska, sai in ce dabarar ƙarya ce. A ware na ci daban a ƙaramin mazubi. Kuma dan Allah kar wanda ya ce muku ku barbaɗa maganin ƙwari a abin da za ku ci.

Sai maganar kwalba, a nan ku nutsu. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya fitar da hanyar rufe abinci a kwalba a tafasa, ya wallafa ta a 1810, tun kafin ma a san ƙwayoyin cuta ne suke ɓata abinci. Hanyar tana aiki amma tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa tsami ne. Akwai ƙwayar cutar da take kawo botulizim, wato wata muguwar cuta ta gubar abinci, tana son wurin da babu iska kuma babu tsami, wato daidai cikin rufaffiyar kwalba, kuma irinta ba ya mutuwa a tafasar ruwa ta digiri 100, sai an kai wajen digiri 121 wanda tukunyar matsin tururi ce kawai take kaiwa. Gubarta ba lallai ta yi wari ko ta canza ɗanɗano ba, kuma tana shanye jiki har numfashi. Ni kuwa a rashin sani sai in markaɗa tumatir da albasa da tattasai da tafarnuwa, in tafasa, in ɗura a kwalba in tsiyaya mai a sama in jera a kanta wata da watanni, Allah ne kawai Ya tsare mu gaskiya. Albasa da tattasai suna rage tsamin tumatir. In za ku ajiye a kwalba ku yi tumatir zalla, ku zuba ruwan lemon tsami cokali biyu babba a kowace lita, ku rufe ku nutsar da kwalaben a ruwa su tafasa kamar minti 45. Haɗin miya, nama, kifi, wake dafaffe, waɗannan firiza ce wurinsu ko a busar. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko ɗanɗanawa kar a yi, garin neman gira kar a rasa ido.

Ragowar abinci ma na daɗe ina cutar kaina da sunan kar a yi almubazzaranci. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Shinkafa ta fi yaudara, in ta kwana a tukunya da ɗumi akwai ƙwayar da take sakin guba a ciki wadda ɗumame ba ya kashewa, na sha ciwon ciki da amai ina ɗora laifin a kan ruwan sha. A raba abinci a ƙananan robobi ya huce da wuri a saka firij, a ɗumama iya wanda za a ci ya yi zafi sosai har ciki.

Ƙananan abubuwa kuma, albasa da dankali kar su zauna waje ɗaya suna lalata juna, ayaba tana sa kayan da ke kusa da ita su nuna da wuri, wake in an jiƙa shi tun dare rabin wahalar dafuwa ta tafi, murfin tukunya kuma a daina barinsa a gefe gas yana tafiya a banza. Sannan ku riƙa rubuta kwanan wata a jikin duk abin da kuka ajiye, sabo ya koma baya tsoho ya dawo gaba, dan a firiza bayan wata uku duk robobin kama ɗaya suke yi, ni na sha narkar da miya ina zaton wake ne.