Dewey Cox ya ɓata mini kallo

Wajen 2009 ne, a Kaduna, lokacin da ake yayin faifan DVD ɗin nan masu fim goma sha biyu a ciki, waɗanda hoton bangonsu daban, abin da ke ciki daban. Na sayi ɗaya a wata rumfa saboda fim ɗin Ray Charles kawai. Da na je gida na tarar duk faifan na mawaƙan Amurka ne: Ray a farko, sai Walk the Line na Johnny Cash, sai wani da ban taɓa jin sunansa ba, Walk Hard: The Dewey Cox Story. A cikin dare biyu na kalli na farkon biyu, har da ɗan share ƙwalla. Dare na uku na kunna na Dewey Cox da zuciya ɗaya, ina cewa bari mu ga wannan bawan Allah shi kuma wace wuya ya sha.

Wallahi na ɗauka mutumin gaske ne. Ban farga ba sai da yara biyu suka ɗauki adduna suna wasan takobi a rumbun gidansu, Dewey ya kai sara ya raba ɗan'uwansa gida biyu daga ƙugu. Rabin sama ya faɗo ƙasa a tsaye, yana kallon ƙafafunsa, yana ci gaba da magana, har da wasiyyar cewa Dewey ya zama babban mutum a madadinsu su biyu. Na tsayar da faifan na yi dariya har ƙanena ya leƙo ya ga ko lafiya. Daga baya kuma sai kunya ta kama ni, domin jiya-jiya na ga yadda injin yanka katako ya kashe Jack, yayan Johnny Cash, a 1944, shekaranjiya kuma na ga George, ƙanen Ray Charles, ya nutse a bahon wanki a gaban idonsa. Waɗannan mutuwa ce ta gaske, iyaye na gaske suka yi kukanta.

Na daɗe ina juya abin kafin na gane wa ake yi wa shaguɓen. Ba mamatan ba ne. Masu shirya fim ake zolaya, waɗanda suka mayar da mutuwar yaro mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa. Me ya sa mawaƙin ke shan ƙwaya? Ɗan'uwansa ya mutu. Me ya sa yake cin amanar matarsa? Ɗan'uwansa ya mutu. Me ya sa muryarsa ke da daɗi? Kai dai ka san amsar. Mutum ya yi shekara saba'in a duniya, a ce duk abin da ya aikata daga yini ɗaya ya fito. A Walk the Line uban Cash ya faɗi magana mai ciwo sau ɗaya, cewa ba ɗan da ya kamata aka ɗauke ba. A Walk Hard uban Dewey ya mayar da ita kamar sallama: duk inda ya ga ɗansa sai ya faɗa, har waƙe ta yake yi shi kaɗai yana aiki. Ray Charles ya makance yana ɗan shekara bakwai, shi kuwa Dewey sai hancinsa ya mutu, ya daina jin wari da ƙamshi, aka kuma ɗauki abin da nauyi kamar wata babbar nakasa da zai yi jihadin shawo kanta.

Jake Kasdan ne ya ba da umarni, shi da Judd Apatow suka rubuta, ya fito a ƙarshen 2007. John C. Reilly ne Dewey, yana da shekara 42 a lokacin, amma haka ya fito a matsayin yaro ɗan shekara 14, da faffaɗar fuskarsa ta magidanci, a tsakiyar 'yan makaranta na gaske. Babu wani kwalliyar rage shekaru, sai dai kawai a yi ta nanata shekarunsa da baki. Wannan ma duka ne ga al'adar finafinan, inda kowa ke sanar da kai shekara da sunan wanda ke tsaye. Idan Dewey ya haɗu da mawaƙan ƙungiyar Beatles a Indiya, kowannensu sai ya kira ɗan'uwansa da cikakken suna, wai kada ka kasa gane su, alhali Jack Black ne aka ce shi ne Paul McCartney, ko kama babu.

Wurin da na fi so shi ne na makaɗin gangarsa, wanda Tim Meadows ya fito a matsayinsa. Dewey ya buɗe wata ƙofa ya tarar da shi cikin hayaƙin wiwi. Makaɗin ya daka masa tsawa ya fita, wannan ba harkarsa ba ce. Dewey ya tsaya yana tambaya: tana sa ciwon kai da safe? A'a. Tana kama mutum? A'a. To tsada gare ta? Ita ce mafi araha. Duk amsar da zai bayar talla ce, amma da fuskar mai gargaɗi. Bayan wasu shekaru a sake buɗe wata ƙofar, wannan karon hodar iblis ce, gargaɗin bai canza ba. Haka har ƙwayoyi suka ƙare. Duk wanda ya kalli finafinan nan ya san wannan ƙofar, domin a nan ake raba labarin biyu: hawa da gangara.

Sai kuma kwanon wanke hannu. A Walk the Line akwai inda ran Cash ya ɓaci ya fizge kwanon wanke hannu daga jikin bango. Dewey ya mayar da abin sana'a. Duk sanda duniya ta yi masa zafi sai kwano ya bar bango, har akwai inda ya bi su a jere ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara ganin jarumi ya shiga banɗaki cikin fushi ban tausaya wa mai gyaran famfo ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne waƙoƙin suna da daɗi da gaske. Reilly da bakinsa ya rera su, kuma an rubuta su da kulawa, kowace da salon zamaninta: ta shekarun 1950 ta yi kama da ta Cash, ta shekarun 1960 ta kwaikwayi surutan Bob Dylan da ba a gane kansu, akwai kuma inda Dewey ya cika situdiyo da makaɗa da dabbobi yana neman wani sauti da ke cikin kansa, shaguɓe ga Brian Wilson na Beach Boys. Wanda bai ƙaunaci kiɗan ba ba zai iya yi masa irin wannan ba'ar ba. Kamar wasan tobassai ne ko na jika da kaka: sai wanda ya san ka ciki da bai yake sanin inda zai tsokane ka.

Walk Hard ba shi ne fim na farko da ya yi irin wannan ba'ar ba. Tun 1978 Eric Idle da Neil Innes suka yi The Rutles, tarihin wata ƙungiyar ƙarya da ke bin sawun Beatles taki-taki, har George Harrison da kansa ya fito a ciki a matsayin ɗan jarida. A 1984 Rob Reiner ya yi This Is Spinal Tap, wanda ya fi kowanne suna, inda mai gita ke alfahari da cewa amfilifayarsa tana kaiwa lamba 11 alhali ta kowa a 10 take tsayawa, aka kuma yi odar dutsen ado na dandamali mai ƙafa 18 aka kawo mai inci 18 saboda kuskuren rubutu a takardar goge baki. Sai dai waɗannan biyun finafinan bin diddigi suke kwaikwaya, masu kyamara a kafaɗa da hira. Walk Hard ne ya tunkari fim ɗin tarihi irin na neman Oscar kai tsaye, ana tsaka da yayinsa: Jamie Foxx ya ci kyautar da Ray, Reese Witherspoon ta ci da Walk the Line.

Kuma Walk Hard ya faɗi a kasuwa. An kashe kusan dala miliyan 35, abin da ya dawo bai wuce miliyan 20 da 'yan kai ba. Ni a wautata na ɗauka duk da haka ya kashe salon, cewa babu daraktan da zai ƙara buɗe fim da mawaƙi tsaye a bayan dandamali yana tuna yarintarsa, tunda a farkon Walk Hard makaɗin nan ya hana a taɓa Dewey, ya ce sai ya tuna rayuwarsa kaf kafin ya hau.

Sai ga Bohemian Rhapsody a 2018. Da matata muka kalla a kwamfuta, yara sun yi barci. Fim ya buɗe: Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, yana tafiya zuwa dandamalin Live Aid, babban wasan tara agaji, a Wembley, 1985, sai aka koma baya. Na ce uhm. Uba ya fito yana faɗa a kan rayuwar banza. Na ce saura mai kamfanin faifai da zai ce waƙar ba za ta sayu ba. Sai ga shi, yana cewa babu gidan rediyon da zai sa waƙa mai minti shida. Na ce saura mugun aboki da rabuwar ƙungiya. Ta tsayar da fim ɗin ta ce, "Malam, in ka taɓa gani ka faɗa mini, in ba ka gani ba kuma don Allah ka bar ni in gani." Ban taɓa gani ba. Kuma rabuwar da aka nuna ba ta faru haka ba, domin Queen suna yawon wasa har watanni biyu kafin Live Aid. Cutar ƙanjamau da aka nuna Freddie ya sanar da abokansa kafin wasan, sai bayansa aka gano ta. An karkata rayuwar mutumin don ta shiga ma'aunin da aka saba, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 900, Rami Malek da ya fito a matsayin Freddie ya tafi gida da Oscar. Ashe ba'a ba ta kashe kasuwa.

A 2022 aka sake gwadawa da Weird: The Al Yankovic Story, Daniel Radcliffe a gaba. Dabararsu daban ce: mawaƙin na gaske ne, yana raye, da shi aka rubuta, amma kusan komai ƙarya ce da gangan. Yankovic ya yi suna da sauya baitocin waƙoƙin mutane zuwa barkwanci, da akodiyon, kayan kiɗan nan da ake matsawa kamar zugazugin maƙera. A gaskiya iyayensa ne suka sa shi koyo tun yana yaro, kuma an san shi da rayuwa marar hayaniya. To me za a saka a fim? Sai suka ƙirƙiro masa uba mai tsanar akodiyon, soyayya da Madonna, shaye-shaye, artabu da dillalin ƙwaya Pablo Escobar, suka ce Michael Jackson ne ya kwaikwayi waƙarsa, suka kuma harbe shi a 1985. Na yi dariya, amma bai kama ni kamar Dewey ba. Wauta ce zalla, ba ka damuwa da kowa a ciki. Dewey kuwa, duk da addar da hancin, idan ya tsufa ya hau dandamali ya rera waƙarsa ta ƙarshe, sai ka ji wani abu ya tokare maka maƙogwaro, kafin rubutu ya fito cewa ya mutu minti uku bayan wasan.

Wani lokaci nakan yi tunanin ranar da za a yi fim ɗin Mamman Shata. Kayan haɗin duk suna nan: mahaifin da bai so ɗansa ya zama maroƙi ba, tallan goro da alewa, ɗaukaka, har rasuwarsa a 1999. Tsorona kawai kada a buɗe da shi zaune shiru a bayan fage, makaɗan kalangu suna jira, wani ya ce a ƙyale Alhaji sai ya gama tuna Musawa.

Kwanan baya muka zauna kallon Bob Marley: One Love na 2024, bisa sharaɗin ba zan ce uffan ba. Na cika alkawari, na kame bakina da gyaɗa. Can sai aka nuno yaro yana gudu a cikin gona tana ci da wuta, wani Bature a kan doki yana biye da shi. Ban ko motsa ba. Ita ce ta ajiye kofin shayinta ta ce, "To, ga uban nan ya iso."