Bibiyar Tsagewar Jijiyar Wuya da Na'urar Sikanin

A aikina na likita, masu shanyewar ɓarin jiki da suka fi tsaya mini a rai su ne matasan da ba su da hawan jini ko ciwon suga. Wasunsu bangon jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa ne ya tsage, wani bayan faɗuwa daga babur, wani kuwa wuya kawai ya juya da ƙarfi. Jini yakan kutsa cikin tsagar ya matse hanya, ko ya daskare, gudan ya ɓalle ya je ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa.

Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ita ce ta fi kusa da hannunmu, kuma fasahar Dofla da ke cikinta tana auna gudun jini. Sai dai ba na dogara da ita wajen gano ciwon tun farko, domin tsagar jijiyar gaban wuya takan soma kimanin santimita 2 sama da inda jijiyar ta rabu biyu, ta haura zuwa gindin ƙoƙon kai, bayan muƙamuƙi, inda na'urar ba ta gani. Duk wanda ya zo da ciwon kai da wuya ta ɓangare guda, fatar ido ɗaya ta sauko, nakan tura shi hoton MRI ko CT ko da sikanin bai nuna komai ba, alhali na san yadda kuɗin ke yi wa iyalai nauyi.

Wajen bibiya ne amfanin na'urar sikanin ya bayyana mini. Ba ta buƙatar allura, kuma ana iya maimaita ta a gefen gado. Nakan auna wuri ɗaya a kowane zuwa, in rubuta gudun jinin don kwatantawa, ba tare da danna wuyan da ƙarfi ba. Ta gefen kai kuma, da dabarar Dofla da wani mai bincike, Rune Aaslid, ya fito da ita a 1982, ana iya jin wucewar ƙananan gudajin jini.

Wani bincike mai suna CADISS na 2015, wanda aka yi a Birtaniya da Ostireliya kan mutum 250 masu tsagewar jijiyar wuya, bai sami bambanci a fili tsakanin nau'i biyu na magungunan hana daskarewar jini, wato irin su asfirin da irin su wafarin, wajen hana shanyewar ɓarin jiki ba. Yawancin jijiyoyin da ke sake buɗewa sukan buɗe cikin wata 3 zuwa 6, don haka sakamakon sikanin wannan lokacin nake dubawa kafin mu yanke shawara da majiyyaci kan ci gaba da shan magani.