Ƙarin garanti a kan motar gudu ta hannu: yadda nake auna shi a garejina

Kusan kowane mako sai wani ya shigo garejina riƙe da mukullin mota da wata takarda. Motar ta hannu ce, irin masu ƙofa biyun nan da aka ƙera don gudu, takardar kuwa ta ƙarin garanti ce, wato yarjejeniyar da za ka biya kuɗi wani kamfani ya ɗauki nauyin gyara in motar ta lalace, da dila ya miƙa masa, ya ce ya yi maza ya sa hannu. Tambayar kullum ɗaya ce: "Maigida, in saya ko in bari?" Sai in ce masa ya bar mini motar ta kwana, da safe in tayar da ita da sanyinta, sannan mu zauna mu karanta takardar tare. Kafin nan ba ni da ta cewa, domin ba na cinikin biri a sama, ko da kuɗin wani ne.

Kwanan nan da nake nema yana da dalili. Injin da ya ɗumi yana ɓoye aibinsa. Mai ya riga ya zagaya, ƙarfe ya buɗe, ƙarar da ya kamata ka ji ta lafa. Amma a daƙiƙa goman farko bayan ya kwana, injin ba ya iya yi maka ƙarya. A nan ake jin karkarwar sarƙa, a ji fistin yana dukan bangon silinda, a ga kalar hayaƙin da salansa ta fara tofarwa. Masu sayar da mota sun san haka sarai, shi ya sa sau da yawa za ka je kallon mota ka tarar da murfin injinta da ɗumi.

Sama da shekara 20 nake wannan sana'a, kuma kunne na fara koya kafin sifana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wata doguwar sukudireba da ba ya kwance komai da ita. Yakan ɗora bakinta a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Daga nan sai ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, me ka ji?" In na ce ban ji komai ba, ya ce in sake. Wata shida na yi ina cewa ban ji ba. Ranar da na fara bambance ƙarar bawul da ta metal, wato siririn ƙarfen da ake shimfiɗa wa sandunan injin su riƙa juyawa a kai, bai yaba mini da baki ba, kawai ya bar mini sukudirebar a kan benci, kuma har yau tana nan. Shi ne kuma ya koya mini yanka filtar mai. Ana yanke gwangwanin, a zaro takardar ciki, a matse man, a shimfiɗa ta a rana. Ƙyalli mai kalar jan ƙarfe yana nufin metal ya fara cinyewa. Ƙyalli fari da maganaɗisu ke ja, wani boris ne ke marmashewa. Ɓarɓashin roba mai duhu kuma daga madogarar sarƙa yake zuwa. Aikin minti 15 ne, amma ya sha ceton mutane daga sayen motar da ke kan hanyar kabarinta.

Bayan kunne da filta, nakan cire fulogi in zura ƙaramar kyamara cikin kowace silinda, in duba ko bango ya yi zane. In auna matsin iska a cikin kowace silinda. In ɗaga motar sama in bi ƙasanta da tocila, in taɓa kowane tiyo da hannuna. Sannan in karanta kwamfutarta. A Porsche, misali, kwamfutar injin tana ajiye lissafin duk lokacin da injin ya haura iyakar juyinsa, kuma daga Porsche 911 samfurin 997 zuwa sama ta kasa abin mataki 1 zuwa 6, har da awar da ya faru. Direban da ya yi kuskure ya saka giya ta biyu a maimakon ta huɗu yana cikin gudu, zai iya mantawa, kwamfutar ba za ta manta ba. Kamfanin garanti ma zai karanta wannan lissafin ranar da ka je neman haƙƙinka, don haka gara ka riga shi gani.

A nan ne raina ke ɓaci da masu kwaikwayon sana'ar. Yaro ya sayi ƙaramar na'ura, ya soka ta ƙarƙashin sitiyari, minti biyar ya ce mota lafiya lau, ya karɓi kuɗinsa. Bai ɗaga ta ba, bai cire fulogi ko ɗaya ba, bai ma san cewa ana goge lambobin matsala kafin a kawo mota kasuwa ba. Sai mai saye ya zo wurina yana tayin aikin wuni guda da farashin wancan, yana cewa ai wane ma ya duba masa da rahusa. Mutumin da ya shirya zuba dukiya a kan mota, ya kuma shirya biyan garanti na shekara biyu ba tare da ya karanta ba, shi ne zai tsaya ja-in-ja a kan kuɗin dubawa. Araha ba ta ado, kuma a wannan harkar ta fi tsada.

In an gama duba, sai maganar irin motar, domin kowace tana da ciwon gidansu. Porsche 911 samfurin 996 da Boxster samfurin 986, waɗanda aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2004, an san su da boris ɗin da ake kira IMS. Akwai wata sanda a cikin injin da ke karɓar juyi daga karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, ta miƙa wa kamshaf mai buɗe bawul ta hanyar sarƙa, boris ɗin yana ƙarshenta. In ya watse, lokacin buɗewar bawul ya rikice, bawul ya yi karo da fistin, injin ya tashi aiki gaba ɗaya. Yawancin waɗannan motoci ba su taɓa samun matsalar ba, amma wanda ta faɗa wa ya san ya gamu. Sai a injin ɗin da ya fito a samfurin 2009 kamfanin ya cire sandar ɗungurungum. Ga mai irin wannan tsohuwar mota, shawarata ita ce kuɗin garantin ya sa shi a canza boris ɗin lokacin canza kulochi, tunda dama sai an sauke giya. Rigakafi ya fi magani, kuma mota mai shekara 20 da ɗoriya ba kasafai ake samun kamfanin kirki da zai karɓe ta ba.

BMW M3 na 2007 zuwa 2013, mai injin V8 lita 4 da ke juyawa har 8,400 a minti, tana cikin motocin da na fi son taɓawa. Masu ita da yawa suna canza metal ɗin sandunan fistin tun kafin ya yi ƙara. To garanti ba ya biyan aikin rigakafi. In kuma ka jira har injin ya buga, ƙila mai binciken kamfanin ya rubuta cewa cinyewa ce ta yau da gobe, wadda ba ta cikin yarjejeniya. Ka ga ke nan ciwon da ka fi tsoro shi ne takardar ta fi iya zillewa. Mazda RX-8 kuwa, mai injin da ba fistin a ciki sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa, matsinta ake aunawa da na'ura ta musamman, kuma alamar gajiyarta ita ce ta ƙi tashi in ta ɗauki zafi. Ita sai na gwada ta sau biyu, da sanyi da kuma da zafi.

Akwai waɗanda nake ce wa su mayar da takardar kai tsaye. Mai Mazda MX-5 ko Honda S2000 da tarihin sabis ɗinta ya cika, kuma na duba ban ga komai ba, ya buɗe asusu daban ya riƙa zuba abin da zai ba kamfanin garanti. Injinansu ba su da sarƙaƙiya, giyarsu yawanci ta hannu ce, abin da zai lalace da wuya ya fi ƙarfin wannan asusun. In shekara ta wuce lafiya, kuɗinsa na hannunsa.

Akwai kuma waɗanda nake ce wa su saya, kada su yi wasa. Mota mai turbo biyu, mai giya mai kulochi biyu irin PDK ta Porsche ko ta Nissan GT-R, mai shoka da kwamfuta ke sarrafawa, ita lalacewa ɗaya za ta iya ajiye ta shekara guda a ƙarƙashin tamfol. Tambayar da nake yi wa mutum ita ce: "Ranka ya daɗe, in giyar nan ta mutu gobe, za ka iya biya ba tare da gidanka ya girgiza ba?" In ya yi shiru, na san amsar. A irin wannan na fi son garantin kamfanin da ya ƙera motar. Porsche, misali, sai ta duba wurare 111 a jikin mota kafin ta yarda ta ba da nata. Irin wannan garantin yakan zo da sharuɗɗa a kan sabis da kayan gyara na asali, kuma hakan yana janye wani aikin daga hannuna zuwa wurin dila. Duk da haka nakan ce a saya, domin mutumin da na gaya wa gaskiya yau zai dawo mini ranar da garantin ya ƙare.

Ita kuma takardar, daga baya nake fara karanta ta, daga shafin abubuwan da ba a biya. Iri biyu ce. Wata tana lissafa sassan da ta ɗauka, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Wata tana ɗaukar komai, sai abin da ta cire da suna, kuma wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Sannan in nemi iyakar abin da za su biya a gyara ɗaya, domin in iyakar ba ta kai rabin kuɗin injin ba, ba ka sayi kariya daga abin da kake tsoro ba. In duba nawa suka yarda su biya makanike a awa, da kason da mai mota zai fara biya daga aljihunsa, da kwanakin jira kafin garantin ya fara aiki. Birki, taya da faifan kulochi kusan ba wanda ke biya, kuma su ne motar gudu ta fi ci. Shiga filin tsere ko taɓa kwamfutar injin don ƙara ƙarfi yakan rushe yarjejeniyar. Masu GT-R na farko sun ga haka a Amurka wajen 2008 da 2009: a lokacin tsarin fizgar mota daga tsaye yana buƙatar a kashe na'urar VDC mai daidaita tafiya, kamfanin kuma ya riga ya rubuta cewa ɓarnar da ta biyo bayan kashe ta ba ta cikin garanti. Rigima ce babba aka yi a kan giyoyin da suka karye.

Akwai wani layi da nake ja wa jan biro, wanda ke magana a kan ɓarnar da wani sashe ya jawo wa wani. Na taɓa karɓar motar wani bawan Allah da tiyon ruwa ya fashe masa a kan babbar hanya, injin ya yi zafi, gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Injin yana cikin jerin abin da garantinsa ya ɗauka, tiyo ba ya ciki. Kamfanin ya ce tunda daga tiyo ɓarnar ta faro, ba ruwansu. Mako bakwai motar tana cin wuri a garejina, ina buga waya, ana miƙa ni daga wannan zuwa wancan. Ƙarshe shi ya biya, har da kuɗin kwance injin da su suka ce a kwance don mai bincikensu ya gani. Ranar da ya zo ɗaukar motar ban iya haɗa ido da shi sosai ba, ko da yake ba ni na sayar masa da takardar ba.

Ko sun yarda su biya ma, wani yaƙin ne. Sai su ce za su aiko da kayan gyara daga nasu dillalin, ka buɗe kwali ka ga famfon ruwa na jabu, ko kwancen da ba a san daga wace mota aka ciro shi ba. Ba na ɗaura irin wannan a injin da ke juyawa 8,000 a minti. Nakan kira mai motar in nuna masa na asali da na jabun gefe da gefe, ya ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, ya cika bambancin kuɗin in ya ga dama. Sunana ne ke fita tare da motar in ta bar ƙofar garejin nan.

Amma na ga inda garanti ya yi rana. Wata baiwar Allah ta kawo mini mota kafin ta saya, na duba, na rubuta mata rahoto mai hotunan cikin silinda, da awon matsi, da abin da kwamfuta ta nuna, da kwanan wata. Muka karanta takardu uku, muka zaɓi ɗaya. Bayan wata biyar na'urar da ke sarrafa giyarta ta mutu. Kamfanin ya fara cewa ciwon tsoho ne, da shi ta sayi motar. Na ce mata, "Hajiya, kada kowa ya taɓa ko noti ɗaya sai sun ba da izini a rubuce." Muka aika musu rahoton nan da rasit ɗin juyen man da aka yi a kan lokaci. Cikin kwana tara suka amince, suka biya.

Don haka mai niyyar kawo mini mota, ya kawo ta da yamma ta kwana. Ya zo da rasit na sabis, domin hatimi a littafi kaɗai ba ya gaya mini irin man da aka zuba. Ya kuma karɓo cikakkiyar yarjejeniyar garantin daga dila, mai ƙananan rubutun nan, ba takardar talla mai shafi ɗaya ba. In dila ya ce sai an biya kafin a ga cikakkiyar, a gaya mini tun a waya, sai mu nemi wani kamfanin kafin ma motar ta iso.