Abin da ke raba 'yan mishan a ƙasar waje

Duk wanda ya daɗe yana lura da ayarin 'yan mishan a ƙasar waje ya san ba kasafai bambancin koyarwa ke raba su ba. Mutum shida daga ɗarika uku kan shekara suna addu'a tare, ba wanda ya tayar da maganar baftismar jarirai. Makullin mota ne ke haɗa su faɗa, da kuɗin makarantar yara, da yaren da ake yi a taro.

A kan kuɗi gizo ke saƙa. Kowa da ikkilisiyar da ta aiko shi, kuma ƙarfin aljihunsu ba ɗaya ba ne. Wani tallafinsa na shigowa ran ɗaya ga wata, wani sai ya yi wata uku yana zuba ido, in ya iso kuma canji ya zaftare shi. Bishara ɗaya suke yi, amma wannan na kai ɗansa asibitin kuɗi, wancan na ƙirga ƙwayar magani. Ba mai furtawa. Sai dai a ga mutum ya fara neman uzuri duk ranar cin abinci tare. Shi ya sa tun kafin a tashi ake ware asusun aiki daga na gida. Haya, mai da gyaran mota su fito daga na aiki, kowa ya zuba kaso gwargwadon abin da yake samu, mutum biyu su sa hannu kafin a cire ko sisi, a karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. A ajiye wani abu daban na rashin lafiya da tikitin gaggawa, wanda mai ƙaramin tallafi zai ɗauka ba sai ya roƙa ba.

Rikicin farko a ikkilisiyar Urushalima ma na rabon abinci ne. A Ayyukan Manzanni 6 masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu. Aka zaɓi mutum bakwai, kuma dukkansu sunayen Helenanci gare su, ga alama ɓangaren da ya koka aka danƙa wa rabon.

Yare kuma ɓarnarsa a ɓoye take. In da yaren mutum biyu ake taro, su biyun ne ke yanke shawara, saura na gyaɗa kai. A raba batutuwa a rubuce kwana biyu kafin zama, a dakata bayan kowane batu a tambayi masu shiru ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi shafar masu bi 'yan ƙasa. A taron mishan na duniya da aka yi a Edinbara ta Scotland a 1910 wakilai sun kai 1,200, amma 'yan asalin ƙasashen da ake kai wa bishara ba su kai 20 ba. Ɗaya daga cikinsu, Azariah na Indiya, ya yaba sadaukarwar 'yan mishan, sannan ya ce abokai suke nema. Alamar abota kuwa a fili take: wa ke cin abinci a gidan wa, wa kuma ke riƙe da makullin ofis.

Kuskuren da ya fi yawa yanzu shi ne kai ƙara gida. An saɓa da safe, kafin la'asar saƙo ya isa wurin dattawan da suka aiko mutum, su kuwa ɓangare ɗaya suka ji. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya: kai da shi tukuna, sai da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. A rubuta wannan, kowa ya sa hannu, a kuma zaɓi mai sulhu daga wajen ayarin tun ana shiri. Masu bi na Herrnhut a Jamus haka suka yi: bayan rigingimu suka sa hannu a yarjejeniyar 'yan'uwantaka a watan Mayu 1727, sai a 1732 suka aiki mutanensu na farko tsibirin Sent Tomas da ke yankin Karebiyan.

Wani lokaci dole a rabu, kamar Bulus da Barnaba a kan Markus. In ya kai ga haka, a raba yankin aiki a fili, a raba kaya bisa lissafi, su biyun su tsaya tare su sanar da sabbin tuba da baki ɗaya, kada a bar su su tsinci labarin a bakin wasu.