Sulken samurai, daga ciki ake gane shi

Shagona a birnin Kyoto na ƙasar Japan ƙarami ne, mu uku ne a ciki. Tsofaffin kayan yaƙin samurai, mayaƙan Japan na dā, muke saye muna sayarwa: sulke, kwalkwali, abin rufe fuska da na kare ƙwauri. Lasisin dillancin tsofaffin kaya ta ofishin 'yan sanda ake nemansa, in ba ka da shi ko ƙofar gwanjon dillalai ba za ka taka ba.

Yawancin abin da ke zuwa hannunmu na zamanin Edo ne, 1603 zuwa 1868, lokacin da yaƙi ya lafa, sulke ya koma kayan ado da nuna isa, kamar na 'yan sulke a hawan Sallah. Masu saye ba sa son jin haka, kowa so yake a ce masa nasa ya ga fagen fama. Wanda aka ƙera a shekarun yaƙin basasa, bayan bindiga ta sauka tsibirin Tanegashima a 1543, samunsa cikakke sai an sha wuya.

A nan ake cin kuɗin mutane. Za a kawo maka akwati a ce gadon gida ɗaya ne, alhali kwalkwalin daga wani wuri yake, hannayen daga wani, an sake zaren siliki don su yi kama. Ni tambarin gidan nake fara bi, in ga ko iri ɗaya ne a ko'ina, sannan in duba ƙyallen da aka yi shafi da shi. Daga nan sai in kifa kwalkwalin a cinya, in haska tocila ta tsagar shafin. Mai kyau yakan kai falle 62 na ƙarfe, kowanne da ƙusoshinsa, sawun guduma na nan raɗau. Tsatsar shekaru duhu gare ta, ta kwanta lumui. Wadda aka jawo da sinadari ja ce, tana bin yatsa. Sa hannun maƙeri kuwa shi nake dubawa a ƙarshe. Sunan gidan Myochin, fitattun maƙeran sulke, yana ɗaga farashi, don haka ya hau kan ƙarafan da gidan bai taɓa gani ba.

Ba ma goge kaya su yi ƙyalli. Fentin urushi da ake shafa wa sulken ruwan itace ne, hasken rana yana kashe shi, bushewar iska tana sa shi ɓarewa. Burushi mai laushi kawai muke sawa.

Takobi ba na taɓawa, rajistarsa da dokokinsa daban ne. Sulken ma kafin ya fita ƙasar muna nemo takarda daga Hukumar Al'adu cewa ba ya cikin kayan tarihin da aka hana fitarwa, shi ya sa ba na yi wa mai saye alƙawarin rana. Mai gaggawa kuma nakan nuna masa ƙananan kwalkwalayen da ake jerawa a gidaje ranar yara, 5 ga Mayu. Sababbi ne, kuma ina faɗa masa haka kafin ya tambayi farashi.