Adafta Ba Ya Sauka a Tantani da Shaida Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da asubahi ya san kwandon tumatir bai san inda za shi ba. Ɗan kamasho ne ke duba alamar da ke jikin kaya, ya ce wannan na Agege ne, wancan na Obalende. A cikin ƙwayar halitta, kilatirin, furotin da ke naɗe kaya a ɗan ƙunshi don a kai su wani wuri, shi ne kwandon. Barbara Pearse ce ta raɗa masa suna a tsakiyar shekarun 1970, kuma shi kansa ba ya kama tantani, wato fatar da ke kewaye ƙwaya da sassan cikinta, ba ya kama kaya. Furotin ɗin da ake kira adafta ne ke haɗa su, shi ne ɗan kamashon. Darasin da ya fi ɗaukar ɗalibi lokaci kafin ya zauna masa shi ne yadda adafta ke gane tantanin da ya kamata ya sauka a kai.

Adaftan da ake kira AP-2 ya isa misali. Sassa huɗu gare shi: manya biyu, alfa da beta-2, kowanne kimanin kilodalton 100, sai miyu-2 mai kimanin 50, da ƙaramin sigma-2. Yana yawo a ruwan ƙwaya a rufe ruf, wuraren kama kayansa a ɓoye. Abin da ke fara jawo shi wani maiƙo ne mai suna PIP2, wanda ya fi yawa a tantanin waje. Riƙon farko ba shi da ƙarfi; in bai tarar da kaya ba, cikin 'yan daƙiƙu zai saki. In kuwa ya tarar, sai ya buɗe. Miyu-2 ya kama alamar tairosin, wato ɗan jerin amino asid a jikin kaya, irin jerin YTRF da ke wutsiyar makarɓin tiransferin, furotin mai ɗaukar sinadarin ƙarfe a jini. Alamar liyusin biyu kuma tana shiga tsakanin alfa da sigma-2. Enzayim ɗin AAK1 yana liƙa fosfet a tireyonin na 156 a jikin miyu-2, abin da ke ƙarfafa zamansa a buɗe. Sai a nan wurin kama kilatirin da ke jikin beta-2 yake samuwa sosai.

Ka ga ke nan shaidu uku ne: maiƙo, kaya, da furotin masu taimaka masa buɗewa, irin wanda ake kira FCHo. Kowace ita kaɗai rarrauna ce, haɗuwarsu ce ke tsayar da shi.

AP-1 kusan tagwayen AP-2 ne, alamun da suke karantawa iri ɗaya, amma shi a Golji da endosom, tashoshin rarraba kaya na cikin ƙwaya, yake aiki. Mai kiran sa furotin Arf1 ne, in yana ɗauke da sinadarin GTP mai kunna shi, tare da maiƙon PI4P. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba su. Zuba birefeldin A, kamar maikurogiram 5 a kowace mililita, maganin zai toshe furotin masu kunna Arf1, AP-1 ya watse daga Golji cikin mintuna kaɗan, AP-2 yana nan daram. In duka biyun suka ɓace a hoton da ka ɗauka da madubin ƙara girma, ba maganin ba ne, a hannunka matsalar take.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne gwajin shigar tiransferin. Ana cire wa ƙwayoyin ruwan jinin da ake ciyar da su da shi na wajen minti 30, domin akwai tiransferin a cikinsa da zai tare wuri. Sai a ɗora su a kan ƙanƙara, a zuba tiransferin mai launi, ya kama makarɓi ba tare da ya shiga ba. Sannan a mayar da su digiri 37 na minti 5, a wanke da ruwa mai tsami don cire wanda ya maƙale a waje, a daskarar da famaldehaid kashi 4 cikin ɗari. A zafin Legas ƙanƙara ba ta jira. Ta narke, ƙwayoyin sun ɗumama, kaya sun fara shiga kafin ka danna agogo. In an ɗauke wuta inkubeta ya sauko, wata illar ce daban, domin a wajen digiri 20 kaya na taruwa a Golji ba sa fita, kai kuma ka ɗauka adafta ka kama da laifi. Ajiye ma'aunin zafi a ciki, kada ka yarda da lambar da ke jikin ƙofa.

Masu rage miyu-2 da siRNA, sinadarin da ke hana ƙwaya ƙera furotin ɗin da aka zaɓa, su ma su yi haƙuri. AP-2 yana daɗewa kafin ya lalace, kuma ɗan abin da ya rage yana iya tafiyar da aiki. Shi ya sa ake sa maganin sau biyu, a jira kwana uku zuwa huɗu, a tabbatar da raguwar a kan furotin ɗin kansa. Haka mai son ganin PIP2 ko PI4P ya guji Triton X-100, sabulun ɗakin gwaji da ake huda tantani da shi, yana wanke maiƙon da ake nema.

Kada a ɗauka karatun nan ya tsaya a ɗakin gwaji. Furotin Nef na ƙwayar cutar HIV yana ɗauke da alamar liyusin biyu tasa, da ita yake yaudarar AP-2 ya janye CD4, furotin da HIV ke kamawa don shiga, daga fuskar ƙwaya, ya kuma yi amfani da AP-1 wajen ɓoye MHC-I, furotin da ke tona asirin ƙwayar da ta kamu, daga garkuwar jiki. A ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa, an samu AP-2 da wani furotin mai suna Kelch13 a hanyar da take haɗiyar himogulobin, furotin jan jini, kuma sauyin da ke faruwa a Kelch13 shi ne ke rage tasirin atimisinin, maganin zazzaɓin.