Talata, mota tayoyi a sama

Wuta ta dawo kafin asuba. Koko da ƙosai, sai ofis, raina fes.

Aikin yau shi ne kwashe manhajar zanenmu daga OpenGL zuwa Vulkan, wato tsare-tsare biyu da manhaja ke bi ta sa kwamfuta ta zana hoto a allo. Ina kunnawa sai ga hoton motar gwajinmu a allo tayoyi a sama. Dama na zaci haka. A OpenGL lissafin tsaye hawa sama yake yi, shi kuwa Vulkan tun fitowarsa a 2016 gangarowa ƙasa yake. Zurfi ma ba ɗaya ba ne: a OpenGL daga -1 zuwa 1, a Vulkan daga 0 zuwa 1.

Oga ya leƙo, hankalinsa na kan shader, wato ƙaramar manhajar da ke lissafa inda kowane ɗigon zane zai zauna. Ya ce, "Malam, sa alamar debewa a shader kawai mu wuce, lokaci na ƙurewa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shader ɗinmu ba guda ba ne, kowanne sai an bi shi an sa. Kuma duk juyin da aka yi wa tsaye yana juya zagayen kusurwoyin alwatika. In ba a daidaita ba, direban katin zane, wato manhajar da ke sarrafa na'urar zanen kwamfuta, zai ɗauki gaban abu a matsayin bayansa ya zubar, a riƙa hango cikin motar. Ga zurfi da alamar ba ta taɓa ba, abin da ke dab da ido yanke shi za a yi."

Ya ce to a gyara waɗannan ma, kowanne a inda ya ɓullo.

Wannan maganar tasa ce ta tsaya min a rai har yanzu. Juyi nan, juyi can, babu wanda ya rubuta dalili. Wata rana sabon yaro ya zo ya ƙara nasa, biyu su kashe juna, hoto ya fito daidai bisa sa'a, sai ranar da aka zana cikin wani hoton daban komai ya wargaje. Alhali tun Vulkan 1.1 na 2018 an yarda a ba tagar zane, wato filin da hoton ke fitowa, tsawo mai alamar debewa, a fara lissafi daga gindinta, direba ya yi juyin a wuri guda. Layi biyu ne. Zurfin kuma a gyara shi a jadawalin lissafin da ke mayar da abu mai zurfi hoto a allo, sau ɗaya.

Ya ce gobe mu zauna. Daga yadda ya faɗa na san ya riga ya yanke shawara.

Cunkoso a hanyar dawowa. Inna ta kira kan ankon bikin Asabar, na ce mata gobe in sha Allah. Tuwon ma kaɗan na iya ci.